Zoɓon Hajiya na hanyar Mai'aduwa

Duk wanda ya saba da zoɓon roba na bakin tasha, ranar da ya kurɓi na wannan ɗan shagon da ke hanyar Mai'aduwa in za a fita Daura, zai gane an daɗe ana shayar da shi kala da filebo. Wata Hajiya ce ke da shagon, kuma ba ta awon zoɓo a kasuwa. Abin da take dafawa daga gonar gidansu yake fitowa, gonar da ba a zuba mata takin zamani, ba a yi mata feshi. Kashin awaki da toka ake kai mata a amalanke tun kafin ruwa ya sauka, ciyawa kuma fartanya ce maganinta.

Na roƙa aka kai ni gonar da kaka, wajen watan Nuwamba, lokacin ɓara. Na tarar da mata zaune ƙarƙashin gawo suna raba jan ɓawon da ƙwallon gurguzu, yatsunsu sun rine, ga ƙaiƙayin da ke bin hannu. A kan tabarmi suke shanya, a inuwa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin mun sha ganin zoɓo baje a gefen kwalta yana shan ƙura da hayaƙin mota. Ana loda zoɓo buhu-buhu daga Maigatari har ƙasar Meziko, amma mu da muke nomansa ba mu cika damuwa da wanda ke shiga cikinmu ba.

Iri uku take yi. Baƙin zoɓon shi ne gwaninta. In ka ɗaga kofin gilashi a rana sai ka ga jan ya yi duhu kamar garwashin da ya fara mutuwa. Tsami ne ke fara tarbar harshe, sannan ɗan bauri, sai citta da kanumfari su biyo baya su zauna a maƙogwaro. Ba ta sa kanwa. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ɗana, kanwa tana kashe tsami, in tsamin ya mutu me ya rage?" Da dabino da mazarƙwaila take zaƙaƙa shi, shi ya sa zaƙin ba ya gundura.

Na biyu jan zoɓo ne da ɓawon abarba, mai sauƙi, yara sun fi son sa. Na uku ba zaƙi ko kaɗan, dattawa masu hawan jini ne ke sayensa. Ni dai shawarata, mai shan maganin asibiti ya fara jin ta bakin likitansa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wasu ranakun masoro yakan yi yawa a baƙin zoɓon, har ya danne ƙamshinsa. Kuɗinsa kuma ya kusa ninka na kasuwa, ko da yake wanda ya ga aikin ɓarar nan ba zai yi ciniki ba. Sannan tunda babu sinadarin hana lalacewa a ciki, in ba firji to a sha shi a ranar, musamman da bazara.

Mai son na biki ko suna ya faɗa mata da wuri, don tukunya biyu kawai take ɗorawa. Da azumi kuwa, wanda bai je kafin La'asar ba sai dai ya sayi busasshen a tiya ya dafa a gida.