Mai gyaran Farm Centre da ya gano abin da ya hana laftof ɗina hawa Wi-Fi

Duk wanda laftof ɗinsa ta ƙi hawa Wi-Fi mai kalmar sirri, aka kuma ce masa babu mafita sai an yi mata fomatin, ina ba shi shawara ya dakata tukuna. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a Kano, can ciki wajen masu sayar da caja da batiran laftof, akwai wani ɗan ƙaramin shagon gyara da na kai tawa. Abin da ya sa nake yabon mai shagon abu ɗaya ne: ba ya canza komai a kwamfuta sai ya gano inda ciwon yake, kuma yana nuna wa mai kaya abin da ya gano da idonsa.

Ni malamar sakandare ce, kuma yanzu sakamakon jarrabawar ɗalibai ta intanet muke shigar da shi. Laftof ɗina HP EliteBook 840 ce, samfurin farko na 2013, irin na hannu da ake shigowa da su daga Ingila. Ta daɗe tana min aiki lafiya. Da muka sayi sabuwar rauta a gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, wayata ta hau, wayar maigida ta hau, talabijin ma ta hau, ita kaɗai ta ƙi. Tana ganin sunan Wi-Fi ɗin sarai, in sa kalmar sirri, ta ɗan yi juyi, sai Windows ya rubuto "Can't connect to this network". Shi ke nan, babu wani ƙarin bayani. Ga lokacin rufe shigar da maki yana matsowa.

Wani shago a unguwarmu na fara kai ta. Ko tambaya ɗaya ba a yi min ba, aka ce Windows ɗin ne ya lalace, a goge a sa sabo, in kuma hakan bai yi ba a canza katin Wi-Fi, wato ɗan kayan da ke cikin laftof mai kama Wi-Fi. A cikin kwamfutar nan akwai tambayoyin jarrabawa na shekaru da jadawalin makin yara, don haka na ɗauko abata. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambar mutumin Farm Centre.

Tun a waya na fara ganin bambanci. Ya ce, "Malama, tana hawa intanet ɗin wayarki idan kin kunna mata?" Na ce tana hawa. Ya ce, "To katin bai mutu ba. Sauran wayoyin gidan suna hawa rautar?" Na ce suna hawa. Ya ce, "Rautar ma lafiyarta ƙalau. Tsakaninsu ne ba su jitu ba. In za ki zo, ki haɗo da rautar da cajarta." Wannan magana ta ƙarshe ita ce rabin gyaran. Da laftof kaɗai na kai, da ta hau Wi-Fi ɗin shagonsa ba gardama, a ce min ta warke, in koma gida in tarar da matsalar tana nan.

Da na isa, abu na farko da ya yi ya ba ni mamaki don ƙanƙantarsa. Ya buɗe Notepad, manhajar rubutu ta Windows, ya ce in rubuta kalmar sirrin a fili mu gani. Ya bayyana min cewa laftof ɗin da ake kawowa daga Ingila madannansu tsarin Ingila ne, amma masu saka Windows a nan galibi suna barin tsarin Amurka. A tsakanin biyun, alamar @ da alamar " suna musayar wuri, alamar # ma ba a wuri ɗaya take ba. Mutum zai danna abin da yake gani a kan madanni, kwamfuta ta rubuta wani abu daban, shi kuma ɗigo-ɗigo kawai yake gani a akwatin kalmar sirri. Ya ce da yawan masu zuwa wajensa a nan matsalarsu take ƙarewa, kuma ba ya karɓar musu ko sisi. Tawa dai ta fito daidai. Ya sa kwamfutar ta manta da Wi-Fi ɗin gaba ɗaya, ya sake haɗawa daga farko, ya kuma duba kwanan wata da agogo. Duk lafiya, amma ta ƙi.

Daga nan ne ya buɗe baƙin akwatin nan da ake rubuta wa Windows umarni, ya rubuta netsh wlan show drivers. Rubutu ya zubo, ya sa yatsa yana bi da ni layi-layi. Sunan katin ya fito, Intel 7260. Ƙasa kaɗan akwai jerin nau'o'in tsaron da katin ya iya. Na ga WPA, na ga WPA2. Ya ce, "Malama, duba da kyau, kin ga WPA3 a ciki?" Babu. Sai ya jona rautar da laftof ɗin ta kebul, ya juya rautar ya karanta adireshin shafin saitinta da ke jikin takardar da aka manna a ƙasanta, ya buɗe a burauza, ya ce in sa kalmar shiga da hannuna. A sashen tsaro, ga shi nan an zaɓi WPA3 zalla. Ƙanena ne ya saita mana ita ranar da aka kawo, ya zaɓi mafi ƙarfi don ya kare mu, kuma tunaninsa mai kyau ne.

Bayanin da ya yi min a nan shi ne abin da na fi amfana da shi. WPA2 ya fito a 2004, kuma kusan duk na'urar da ke da Wi-Fi ta san shi. WPA3 sai a 2018 aka ƙaddamar da shi, Windows 10 kuma ya fara karɓarsa a sabuntawar 2019. Katina an ƙera shi shekara 5 kafin WPA3 ya zo duniya. Ya ce kamar an sa wa ƙofa sabon kwaɗo ne alhali makullin hannunki na tsohon ne. Makullin bai karye ba, kwaɗon ma bai lalace ba. Ko sau nawa aka goge Windows aka sa sabo, katin ba zai koyi abin da ba a gina shi da shi ba. Da na yarda da shawarar farko, da na yi asarar kuɗi da lokaci, wataƙila har da takarduna, matsalar kuma tana nan daram.

Bai yi gaggawar sauke tsaron ba. Ya fara sabunta direban katin, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, zuwa na ƙarshe da aka fitar masa, sannan ya gwada zaɓin da ke haɗa WPA2 da WPA3 wuri guda, wanda aka yi shi don tsofaffin na'urori da sababbi su zauna a rauta ɗaya. Laftof ɗin ta ƙi a nan ma. Ya ce hakan yana faruwa da wasu tsofaffin katuna, saboda WPA3 yana tafiya da wata ƙarin kariya a kan saƙonnin da rauta da kati ke aika wa juna na haɗuwa da rabuwa, kuma ba kowane tsohon kati ne yake gane ta ba. Sai ya mayar da rautar WPA2 mai AES, wato tsarin da ke ɓoye bayanan da ake aikawa. Nan take laftof ɗin ta hau. Ya kashe laftof ɗin ya kunna, ta sake hawa da kanta. Ya ce in duba wayata, ita ma ta koma.

Na tambaye shi ko ba mu rage wa gidan tsaro ba ke nan. Bai ɓoye min ba, ya ce an rage kaɗan. Raunin WPA2 shi ne wanda ya ƙware zai iya kama gaisuwar da na'ura ke yi da rauta lokacin haɗuwa, ya tafi da ita gida yana ta gwada kalmomi har ya dace. WPA3 ya toshe wannan hanya. Maganinsa a WPA2 shi ne kalmar sirri mai tsawo, tunda tsarin yana karɓar harafi 8 har zuwa 63. Ya ce in bar lambar waya da sunan yaro da shekarar haihuwa, in haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna. Ya juya baya na rubuta sabuwa. Ya kashe WPS, wato haɗawa ta danna maɓalli ko sa gajeriyar lamba, ya kuma gargaɗe ni kada kowa ya mayar min da rautar tsohon tsaron da ake kira WEP ko ya bar ta a buɗe da sunan sauƙi, don tun 2001 masana suka nuna WEP ana fasa shi.

Ina zaune wani ɗalibi ya shigo da tasa, wadda ko sunan Wi-Fi ɗin gidansu ba ta gani, alhali tana ganin na maƙwabta. Mai shagon ya ce wannan wata cuta ce daban: rautar gidansu sabon samfuri ce da ake kira Wi-Fi 6, tsohon direba kuma ba ya ganinta, sabunta direban kawai ake yi. Ya nuna wa yaron shagonsa ya yi, yana tsaye a kansa. Na ji daɗin ganin ba magani ɗaya yake shafa wa kowa ba.

Kuɗin aiki naira 3,000 ya karɓa. A bangon shagon akwai ƙananan katunan Wi-Fi da ake soka wa laftof ta USB a rataye, kuma ya gaya min cewa in ina son komawa WPA3 akwai masu karɓarsa a cikinsu, amma ya ce ba dole ba ne a yanzu. Dalilinsa shi ne Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma laftof irin tawa ba ta cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su. Ya ce gara in tara kuɗin don wadda za ta gaje ta. Mutum yana da kayan sayarwa a gabansa ya ce kada ka saya, wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwa.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai zuwa ya sani. Shagon matsattse ne ƙwarai, benci ɗaya ne, kuma babu wurin da mace za ta zauna a sake idan maza sun cika shi. Sai da yaron shago ya aro min kujera daga maƙwabcinsu. Ƙarar janareto ta ko'ina ta sa sai na riƙa cewa ya maimaita, shi kuma yana da saurin magana. Rasit sai da na nema, kuma ba a rubuta abin da aka canza a ciki ba, ni ce na ɗauki hoton shafin saitin da wayata don in nuna wa ƙanena. Ya kamata ya riƙa rubuta wa mutane wannan, domin duk ranar da aka danna ɗan ramin da ke mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani, saitin nan duka zai goge.

Wanda zai je ya je da hantsi, don bayan la'asar kasuwar tana cika har wurin ajiye mota ya yi wuya. Adaidaita sahu ta fi sauƙi. Ya tafi da laftof da cajarta, da rautar da cajarta, ya kuma tabbatar ya san kalmar shiga shafin saitin rautar, wadda daban take da kalmar sirrin Wi-Fi. Idan Wi-Fi ɗin na makaranta ne ko na ofis, irin wanda ake shiga da suna da kalmar sirri na kowane mutum, mai shagon ya ce iyakarsa ya duba agogo da direba, sauran sai wajen masu kula da intanet na wurin.