Edinbura: yawon ƙafa da ɗan jagora ko bas mai buɗaɗɗen sama?

Salam 'yar'uwa, na ga tambayarki tun jiya, kin ce za ku shigo Edinbura, babban birnin Sikotlan, daga Landan ke da Hajiyarku da yara biyu, wuni ɗaya kacal gare ku, kina so ki ji ko ku bi ɗan jagora a zaga da ku tsohon gari da ƙafa ko kuwa ku hau bas ɗin nan mai hawa biyu da samanta ke buɗe. Ni na yi duka biyun, da ƙafa sau biyu, a bas sau ɗaya lokacin da ƙanwar mamana ta kawo min ziyara, to bari in faɗa miki yadda na gan su.

Ki fara gane yadda garin yake tukuna don a nan maganar take. Tsohon garin a kan doron tudu aka gina shi, tsohuwar fadar garin, Edinburgh Castle, tana can ƙololuwa a kan wani dutse da ya taɓa aman wuta tun zamanin da, sai titi ɗaya ya gangaro daga bakin ƙofarta har zuwa Holyrood inda sarkin Birtaniya ke sauka in ya zo garin. Wannan titin shi ne Royal Mile, tsawonsa bai cika kilomita 2 ba. Dama da hagunsa kuma lunguna ne birjik sun sauka gangare kamar ƙayar kifi, su close suke ce musu, wani lungun in kika ware hannuwanki sai ki taɓa bango biyun a tare. To ainihin garin a cikin lungunan nan yake, kuma bas ba ta shiga ko ɗaya, tsakiyar Royal Mile ɗin ma akwai inda aka hana motoci wucewa.

Ranar da na fara bin ɗan jagora mun kai mu ashirin, wani dattijo ne mai jar lema yana ɗaga ta sama don kar mu ɓace masa. Can ƙasa kusa da wata mashaya da ake kira World's End, wato ƙarshen duniya, ya tsayar da mu ya ce kowa ya kalli ƙarƙashin ƙafarsa, sai ga wasu 'yan ƙarafa na tagulla an dasa a cikin daɓen duwatsun titi, wallahi na taka su ya fi sau goma kafin ranar ban taɓa lura ba. Ashe nan ce ƙofar gari ta da, Netherbow, da aka rushe a 1764, kuma da can sai ka biya kuɗi kafin ka shigo ta cikinta, shi ya sa talakan da ba shi da abin biya ba ya fita, a wurinsa duniya nan ta ƙare. Ya ba mu labarin ganuwar da 'yan garin suka gina bayan Ingilawa sun ci su da yaƙi a Flodden a 1513 har sarkin Sikotlan James na 4 ya mutu a fagen daga, tsoro ya sa mutane suka cunkushe a cikin ganuwa, fili ya ƙare, sai aka koma gini sama, bene kan bene har hawa goma da ɗoriya. Babu masai a gidajen, da dare ta taga ake watso ƙazantar sai a yi ihu a ce gardilu, wanda ke ƙasa ya yi ta kansa, duk ta gangara ta tafi wani tafki da ke bayan gari. Tafkin nan shi ne aka janye ruwansa daga baya, yau shi ne lambun Princes Street, kuma tashar jirgin da za ku sauka, Waverley, a cikin wannan kwarin take.

A bas ma za ki ji wani abu daga cikin wannan, akwai abin sa wa a kunne da harsuna daban-daban, amma kafin muryar ta gama magana kun wuce wurin, kina waiwaye kina neman abin da ake nufi, kuma ba wanda za ki ce wa dakata ban gane ba.

Haka a cocin St Giles, a bayansa akwai wurin ajiye motoci, ɗan jagoran ya kai mu gurbi mai lamba 23 ya ce a nan kabarin John Knox yake, babban malamin da ya jagoranci sauyin addinin ƙasar, da can wurin maƙabarta ce. A gefen cocin kuma akwai zanen zuciya da aka yi da duwatsu a ƙasa, nan ne ƙofar tsohon kurkukun da aka rushe a 1817, har yau 'yan gari in sun zo wucewa sai su tofa yawu a kai, don Allah ki riƙe yara kar su zauna a wurin ɗaukar hoto, na ga baƙi sun yi haka na ji musu ba daɗi.

Yanzu ga inda bas ta fi, kuma ba ƙaramin abu ba ne tunda da Hajiya za ku zo. Garin nan hawa da sauka ne, titin daɓen duwatsu ne masu santsi in an yi ruwa, ruwan kuma ba ya sallama, wasu lungunan matakala ne zalla, zagayen ƙafa kuma yakan ci awa biyu ba zama. Ƙanwar mamana mai ciwon gwiwa ce, ko rabi ba za ta iya ba, amma a bas ta zauna lafiya lau ta ga fada daga ƙasa ta Grassmarket, wani dandali da ke gindin dutsen fadar, ta ga ginin majalisar Sikotlan da aka buɗe a 2004, ta ga Holyrood da dutsen Arthur's Seat a bayansa, muka zaga har sabon gari mai faffaɗan tituna wanda yawon ƙafa na tsohon gari ba ya kaiwa can. Tikiti ɗaya ne ki sauka ki sake hawa duk inda kika so a wunin. Sai dai iskar saman bas ɗin ba wasa ba ce ko a watan Yuli, mu dai bayan minti ashirin muka sauko ƙasa, a ƙasan kuma ta gilashi kike kallo. In ƙaramin yaronki a keken turawa yake to bas ta fi miki sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganar kuɗi, akwai zagayen ƙafa da ake cewa kyauta ne, ba kyauta ba ne da gaske, a ƙarshe kowa zai ba ɗan jagora abin da ya sawwaƙa kuma da shi yake rayuwa, ni fam 10 na ba shi. Akwai na biya tun a intanet, mutane kaɗan ne a ciki, shi na fi so don kina jin magana sosai, Turancin 'yan Sikotlan yana da nauyi a kunne in ba ki saba ba, ki matsa gaba kusa da bakinsa. Bas kuma tikitinta ake saya. Shiga cikin fada ba ya cikin ko wanne sai dai in an rubuta, tikitinsa daban ne kuma ki saya tun kafin ku taso.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai saboda yara, tarihin garin akwai kisa da rataya da yawa. A Grassmarket ake rataye mutane a bainar jama'a, za a ba ku labarin Maggie Dickson da aka rataye a 1724 ta farfaɗo a cikin akwatin gawa, da na Burke da Hare da suka kashe mutum 16 a 1828 suna sayar wa wani likita gawarwakin yana koyar da ɗalibai. Ki gaya wa ɗan jagora tun farko akwai yara zai sassauta. Zagayen dare na fatalwa da shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kuwa ki bar shi kawai, tsoratarwa ce ta fi tarihin yawa. Ki kuma karanta bayanin da kyau kafin ki biya don wasu zagayen a mashaya suke ƙarewa da ɗanɗana wiski.

To in ni ce ke, raba ku zan yi. Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan wajen awa huɗu da rabi ne, ku taso da na sassafe. Ke da babban yaron ku bi ɗan jagora, ki zaɓi wanda zai faro daga sama wajen fada ya gangaro ba wanda zai hau da ku ba. Hajiya da ƙaramin su hau bas in akwai mai raka su, ku haɗu a gidan tarihi na ƙasa da ke Chambers Street, shiga kyauta ne, akwai kujeru da lifta da banɗaki, tunkiyar nan Dolly da masana kimiyya suka samar ta hanyar kwafar wata tunkiya ma tana ciki yara za su so ganinta. Daga nan babban masallacin garin da ke Potterrow 'yan mintuna ne da ƙafa, akwai ɓangaren mata, ga gidajen abincin halal nan kusa ta wajen Nicolson Street. In kuma ba mai raka Hajiya to ku hau bas gaba ɗayanku, amma ki sauka a Lawnmarket, wato saman Royal Mile, ko na rabin awa ne ki leƙa lungu biyu uku, musamman Advocate's Close da ke kallon St Giles.

Da ƙarfe 1 na rana ana harba igwa daga fada kullum ban da Lahadi da ranar Kirsimeti da Good Friday, tun 1861 ake yi, ki faɗa wa Hajiya tun da wuri kar ta firgita. Ba ki faɗi watan da za ku zo ba, in Agusta ne lokacin bikin wasannin nan na Fringe ne titin ba masaka tsinke, in Disamba ne kuma kafin ƙarfe 4 magariba ta yi, sai ki nemi zagayen da zai fara da kun sauka. Rigar ruwa ta fi lema saboda iska, takalmi kuma mai roba a ƙasa. Allah Ya kawo ku lafiya, a gaida Hajiya.