Wasiƙa daga Ingila zuwa ga Zumuntar Mata a Zuru

Iyayena da yayyena, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ya gida, ya yara, ya aikin gona? Kun aiko a tambaye ni yadda zaman Turai yake, to ga abin da idona ya gani.

Ruwan famfo ba ya yankewa, na sanyi da na zafi, kuma ana shansa kai tsaye. Wuta ma haka, babu ƙarar janareta, babu yaran da ke ihun an kawo wuta. Sai dai komai da kuɗinsa. Da hunturu ɗumama ɗaki kaɗai yakan cinye albashi, ga harajin ƙaramar hukuma, har kallon tashar talabijin sai da lasisi.

Asibiti kam sun yi ƙoƙari. Tun 1948 suka tsara a riƙa ganin likita ba tare da biya ba, daga haraji ake ɗaukar nauyin. Maganin da likita ya rubuta fam 9.90 ne kowane ɗaya, yara da masu ciki da waɗanda suka kai shekara 60 kuwa kyauta. Mace ta haihu, ba mai tsare ta kan kuɗin gado. Su dai ƙorafinsu jiran layi. Ni kuwa sai in tuna yadda muke zagaya faranti a majami'a don a haɗa wa 'yar'uwa kuɗin tiyata.

Amma abinci, wayyo! Kantuna cike maƙil, tumatir ja wur, ki sa a baki ba ɗanɗano. Doya sai a shagon 'yan Afirka, yawanci daga Ghana, a ɗora ta a sikeli kamar zinariya. Dawa ba ta samuwa da sauƙi, da garin shinkafa nake lallaɓa tuwo. Kifi na ƙanƙara ne, ina zai kamo ƙafar na Yawuri? Mangwaron da ke zuba a bayan gida awaki su yi ta ci, a nan ɗai-ɗai ake sayar da shi, shi ma bai nuna a bishiya ba. Sau nawa muka ci tuwon dawa da miyar kuka muna gunaguni wai ba nama? A nan wannan kwanon abincin biki ne.

Har rana. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, shi ya sa hukuma ke ba da shawarar shan ƙwayar bitamin D da kaka da hunturu. Ranar da muke gudu mu fake a gindin mangwaro, madadinta ake saya a kantin magani.

Aikina a gidan kula da tsofaffi ne, kuma can ne abin ya fi taɓa ni. Gado mai laushi, abinci sau uku, magani a kan lokaci, amma wata tsohuwar sai ta yi wata guda ba wanda ya leƙo ta. Mai jego ba ta da maƙwabciyar da za ta miƙa wa jariri, renon yaro da kuɗi ne, awa-awa. Ku da ake shigo muku da gaisuwa tun asuba har ku gaji da amsawa, ku sani arziki ne. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti cewa mai abinci da sutura ya gamsu, ni da zan ƙara da maƙwabta.

Ba cewa nake ku yi shiru kan rashin wuta da lalacewar hanya ba, godiya ba ta hana neman hakki. Abin da na fi yi muku fata ma shi ne barcin nan da nake yi ba fargabar 'yan bindiga. Kullum 'yan'uwanmu na Danko-Wasagu da Sakaba da suka bar gonakinsu suna cikin addu'ata.

Zan aiko da baikona na godiyar kaka ta hannun ma'aji. In an sami mai tahowa, a ƙullo mini daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Kada a sa kilishi, ba sa barin nama ya shigo. A gaishe mini da Baba Fasto da Mama.