Batun moto mai caji, daga Gwanju ta ƙasar Sin

Yaya, barka da wuni. Ina fatan iyali lafiya, a gaishe mini da Inna. Saƙonka ya iso, kan moto mai caji da kake son in saro maka don yaran kabu-kabu.

Nan Gwanju tun 2007 aka hana moto mai shan mai shiga cikin gari, don haka na caji ya cika titi, masu kai abinci gida-gida duk shi suke hawa. Ƙaramin da ake kira keken lantarki doka ta ƙayyade masa kilomita 25 a awa, injinsa bai wuce wat 400 ba. Wannan na zuwa cefane ne. Ba zai ɗauki mutum biyu da buhun gero zuwa Tibiri ba, kada hoton Facebook ya ruɗe ka. Na aiki shi ne babban, kuma kuɗinsa daban.

Abin da ke raba farashi batir ne. Za ka ga moto biyu, fenti ɗaya, fitila ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi. Mai arahar batirin dalma gare shi, irin na mota: nauyi kamar dutsen niƙa, in ana aiki da shi kullum shekara ɗaya zuwa biyu ya soma sanyi. Mai tsadar litiyom ne, ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗewa, musamman nau'in LFP da ke jure caji sama da sau 2000 kuma bai cika kama wuta ba. Zafi kuwa yana cin kowannensu, kai ka san ranar watan Afrilu a Maraɗi.

Mutanen nan suna sayen mai araha hankali kwance saboda kowane lungu akwai mai gyara. Batir ya mutu, ka kai tsohon, ka cika kuɗi kaɗan, a sa maka sabo na kamfanin Tianneng ko Chaowei kana tsaye. Kamfanonin moto irin su Yadea da Aima suna da shaguna ko'ina, garantinsu na aiki. To garantin nan ba ya hawa jirgin ruwa. In akwatin da ke sarrafa wutar injin ya ƙone a unguwar Zariya, wane makaniki zai buɗe shi? Moton sai ya kwanta a zaure.

Ga kuma kuɗin jigila: litiyom ana lissafa shi cikin kaya masu haɗari, ɗaukarsa ya fi tsada, kafin a zo maganar duwan.

Ni dai shawarata, kada mu cika kwantena da masu araha. Mu fara da biyu masu LFP da faɗin taya saboda rairayi, in haɗo da caja ta biyu, akwatin wuta, birki da tayoyi. Ka tambayi masu haɗa sola a kasuwa ko za su iya kafa maka wurin caji, tunda wutar gari ba ta da tabbas lokacin zafi. Ka faɗa mini kilomita nawa yaro ke yi a wuni, da shi zan zaɓi girman batirin.