Saukar da Sandar Golf: Hannu ne Zai Ja, ko Ƙugu?

Masu bin tafarkin Ben Hogan, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, suna cewa ƙugu ne ke fara saukar da sanda bayan an ɗaga ta sama don bugun ƙwallo. Ga mai wasa da hannun dama, nauyi ya koma kan ƙafar hagu tun sanda ba ta gama hawa ba, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, sai hannaye, kan sanda ya zo a ƙarshe. Lokacin bugu ƙugu ya riga ya buɗe, wato ya juya zuwa inda ake nufin buga ƙwallo, wajen digiri 30 zuwa 45. Daga nan nisa ke fitowa.

Illar wannan hanya ita ce gaggawa. In kafaɗu suka juya tare da ƙugu, sanda takan sauko daga waje ta yanki ƙwallo, ƙwallon ta lanƙwashe dama. In kuma ƙugu ya tsere wa hannaye, gwiwar hannun dama takan maƙale a bayan jiki, fuskar sanda ta iso a buɗe, wato tana kallon dama.

Ernest Jones kuwa, malamin golf ɗan Ingila, ya koyar da lilo da kan sanda, jiki ya bi da kansa. Wannan ya fi sauƙi ga sabon shiga da mai taurin baya. Amma wanda ya saki wuyan hannu da wuri, ƙasa zai sara kafin ƙwallo.

Juyin jiki ya fi dacewa da mai neman nisa, muddin zai bar bayansa yana fuskantar inda ya nufa na ɗan lokaci, hannaye su sauko daidai aljihun dama kafin ƙirji ya buɗe.