Filasta mai kama da leda a hannun ɗana

Ɗana na biyu yana da sikila, don haka kanula, 'yar robar nan da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa da allura, ba baƙuwarmu ba ce. Duk kwanciyar da muka yi a asibiti a Birnin Kebbi, farar filastar nan ta yadi ce ke ba ni haushi. A naɗe hannun yaro kamar an yi masa ƙunshi, ba mai ganin abin da ke ƙasa, sai ya kumbura sannan a farga. Ranar cirewa kuwa ihunsa har bakin ƙofa.

A kwanciyarmu ta Afrilu wata nas ta ce, "Maman Abba, ki sayo mana mai gani-har-hanji a kemis." Na ɗauka wasa take. Ashe wata 'yar siririyar leda ce mai gam a gefe ɗaya. Fitattun su ne Tegaderm da Opsite, amma mai kemis ya ba ni wata mai sauƙin kuɗi, ƙarama, santimita 6 da 7.

Abin da ya saye ni shi ne ganin bakin kanular da idona. Da daddare sai in haska fitilar waya in duba ko wurin ya yi ja, ba sai na tashi yaron ba. Ruwa ba ya ratsa ta, ƙwayoyin cuta ma haka, amma tururin gumi na fita. Da ya zo alwala, shafa kawai ya yi a kai.

Sai dai zafin Kebbi ba ya jin bayanin kwali. An ce irinta kan kai kwana 7. Tamu ta farko a rana ta biyu gefenta ya ɗago. Rabin laifin nawa ne, na shafe shi da man kaɗanya da safe. Ta biyun Sista ta goge fatar da sifirit, ta jira ta bushe ƙarau kafin ta manna, kuma ta zauna daram har aka zare kanular.

Cirewa ma da dabara: ba a fizgo ta sama, ja ake yi a kwance tana miƙewa, gam ɗin ya saki.

Da ƙanwata ta nemi ragowar don gyambon mijinta, hana ta na yi. Ciwo mai ruwa ko mugunya ba nata ba ne, taruwa zai yi a ƙasa. Tsadarta ta fi ta yadi nesa ba kusa ba, amma guda uku na ajiye a jakar asibiti, kusa da katin yaron.