Kwafin astirolab na matuƙan Fotugal: wanda ke awo da wanda ado ne kawai

Shagunan gidajen tarihi da kasuwannin intanet suna sayar da kwafin astirolab na teku, wato faifan tagullar da matuƙan Fotugal da Sifaniya suka riƙa auna tsayin rana da shi tun ƙarshen ƙarni na 15, don su san nisansu arewa ko kudu da ikweta. Hukuncinmu a kai shi ne, na zubi mai nauyi ya cancanci kuɗinsa, amma na falle mara kauri bai wuce a rataye shi a bango ba. Kada kuma a rikita shi da usturlabin malaman taurari na ƙasashen Musulmi, mai faifai da yawa da zanen sararin sama. Na teku daga wancan ya samo asali, sai dai an rage masa komai, aka bar masa aiki guda.

Sassansa kaɗan ne. Akwai zoben ratayewa a sama, da da'ira mai zanen digiri daga 0 zuwa 90, da hannu mai juyawa a kan ƙusa ta tsakiya. A kan hannun akwai kunnuwa biyu, kowanne da 'yar huda. An fafe jikin faifan don iska ta wuce, an kuma ƙara masa kauri a gindi don ya tsaya cak. Na asali da yawa sun kai kilo 2 ko fiye, kuma nan ne kwafi mai araha ke faɗuwa: iska kaɗan ta isa ta kaɗa shi, awon ya tashi a banza.

Kafin a amince da shi, a gwada abu biyu. A rataye shi, a sako zare mai ɗaure da dalma daga tsakiyar zoben. Dole zaren ya bi ta kan layin 90 (ko na 0, a faifan da ke ƙirgawa daga sama) da tsakiyar ƙusa. In ya kauce, kowane awo zai kauce da shi. Sannan a auna rana, a juya hannun ta yadda kunnen ƙasa zai koma sama, a sake aunawa nan take. Bambancin da ya wuce rabin digiri yana nufin hudojin ba su kan layi ɗaya. A faifai mai faɗin santimita 17, digiri ɗaya bai wuce milimita ɗaya da rabi a bakin da'ira ba, alhali a doron ƙasa kilomita 111 ne. Ƙusa mai sako-sako kaɗai ta isa ta ɓatar da mutum nisan tafiyar yini a jirgin ruwa.

Wajen awo, ba a kallon rana ta cikin hudar, domin hakan na lalata ido. Ana riƙe zoben da yatsa a daidai ƙugu, a juya gefen faifan ga rana, a motsa hannun har ɗigon hasken da ya shigo ta hudar sama ya faɗa cikin ta ƙasa. A fara kamar minti 20 kafin rana ta take tsaka, a riƙa maimaitawa duk minti 2 ko 3. Lambar za ta yi ta hawa, ta tsaya, sannan ta fara sauka da zawali. Mafi girmanta ake ɗauka. Wanda ya dogara da ƙarfe 12 na agogo zai yi kuskure, don agogo lokacin ƙasa yake bi.

Sai lissafi. A cire tsayin daga 90. Idan inuwa ta faɗi arewa, a haɗa sakamakon da karkatar rana ta wannan yini, wato nisan da rana ta yi arewa ko kudu da ikweta, wadda ke kaiwa digiri 23.4 arewa a Yuni, da 23.4 kudu a Disamba. Ta kudu cirewa ake yi. A Lisbon ranar 21 ga Yuni tsayin kusan 75 ne, saura 15, a ƙara 23.4, a samu digiri 38 da 'yan kai arewa da ikweta. Idan inuwa ta faɗi kudu, lissafin juyewa yake yi, a cire sakamakon daga karkatar. Masu koyo sun fi yin tuntuɓe a nan, musamman a yankunan zafi inda rana ke sauya ɓangare cikin shekara. A duba kuma inda 0 take a faifan, domin yawancin na Fotugal daga sama suke ƙirgawa, don haka an riga an yi cirewar. Kwafi da yawa na zuwa ba tare da jadawalin karkatar rana ba, kuma babban rashi ne. Su kansu Fotugis sun dogara da jadawalin masanin taurari Abraham Zacuto, wanda aka buga a Leiria ta Fotugal a 1496.

Wanda ya riƙe shi a hannu zai gane abin da littafin makaranta bai cika fitarwa ba. Da jiragen Fotugal suka tsallake ikweta a farkon shekarun 1470, tauraron arewa da suke awo da shi ya ɓace musu, sai suka koma ga rana. Amma a kan jirgi mai tangaɗi awon wahala ne. Masanin taurarin da ya bi ayarin jiragen Fotugal da Cabral ya jagoranta zuwa Birazil a 1500, Mestre João, ya rubuta wa sarkin Fotugal cewa kuskuren kan kai digiri 4 ko 5, shi ya sa ya sauka tudu, ya sami digiri 17 kudu. Vasco da Gama ma a Nuwamban 1497 ya sauke babban astirolab na katako a gaɓar Santa Helena, a Afirka ta Kudu ta yau, don ya yi awo a ƙasa.

Na'urar arewa da kudu kaɗai take faɗa, ba ruwanta da gabas da yamma. Saboda haka matuƙi ke neman layin da digirinsa ya yi daidai da na tashar da yake so, ya bi shi gabas ko yamma har ya ga tudu. Saboda haka kuma layin da yarjejeniyar Tordesillas ta 1494 ta shata tsakanin Fotugal da Sifaniya ya gagari aunawa a teku, har rigimar tsibiran Maluku, a Indonesiya ta yau, ta kai ga wata yarjejeniyar a Saragosa a 1529. Abin da ya fi nauyi shi ne, awon nan ya sa duk gaɓar da aka taɓa isa ana iya komawa gare ta shekara bayan shekara. Da haka sansanoni irin Elmina a Ghana ta yau, da aka gina a 1482, suka samu jirage a kai a kai, na zinariya da farko, daga baya na bayi. Malamin da zai kai faifan nan aji ya kamata ya faɗi wannan tare da lissafin.

Ga malamin tarihi ko na labarin ƙasa, a nemi na zubi mai faɗin santimita 15 zuwa 20, mai zanen digiri da aka sassaƙa a jikin ƙarfen, da ƙusa mai ɗaurewa. A goge shi da busasshen tsumma kawai, don man goge tagulla yana cinye zanen a hankali kuma yana toshe hudojin.